Hankicin Da Ba Ya Share Gumi

Abdulrauf, ɗan marigayi Malam Sada na Unguwar Tambaya, yana da hankici cike da wani kwalin takalmi, amma ko ɗaya bai taɓa share gumi da shi ba. Ba wai ba ya gumin ba ne. Mutumin da zai zura kwat da rana tsaka a Kano, ya shaƙe wuyansa da nektayi, ya bi kanti-kanti yana lallashin 'yan kasuwa su buɗe asusu a ɗan ƙaramin bankin da ya ɗauke shi aikin wucin gadi, ai ba a tambayar ko yana gumi. Sai dai nasa hankicin ba na sharewa ba ne, na ado ne. A ninke shi, a cusa a aljihun ƙirji, a bar kunnensa ya leƙo waje, shi ke nan ya gama aikinsa na duniya. Gumin kuwa da bayan hannu ake yarfe shi in ba mai kallo.

A waya ya yi karatun, wajen wasu Turawa masu gyararren gemu da ba su da abin yi sai zama gaban kyamara suna ninke tsumma. Ya haddace dokokin tsaf, haddar da bai taɓa yi wa allonsa ba. Kada launin hankici ya zo ɗaya sak da na nektayi, wannan aikin baƙauye ne. Sai dai ya tsinto wani launi daga jikinsa ya amsa masa. Fari mai ninki a shafe na zuwa neman aiki ne. Mai tsini uku na biki ne. Siliki kuwa ba a matsa masa, tsakiyarsa ake tsunkulowa a tura shi aljihu ya yi tozo, kamar ba a damu ba, alhali an ɓata rabin safiya a gaban madubi. In ya sami wanda zai tsaya ya saurare shi, sai ya ɗaga yatsa ya ce kala magana take yi, kuma mutum tun bai buɗe baki ba aljihunsa ya riga ya gabatar da shi.

In ya zo gida, wanda ba kullum ba ne, tafiya yake kamar ƙasar garin za ta ɓata masa suna. Unguwar Tambaya ƙauye ne a bakin kanal, babbar hanyar ruwan noman rani, tsakanin Kura da Bunkure, inda kowa ƙafarsa da laka, kowa hirarsa ruwa da taki da tsutsar tumatir. Abdulrauf yakan dubi wansa Hashimu, wanda ya riƙe gonar gado kuma ya biya masa makaranta da ita, ya ji wani irin tausayi mai haɗe da ƙyama, wai ga mutum ya doshi arba'in bai san bambancin ruwan toka da ruwan ƙasa ba. Mahaifiyarsu, Inna Ummulkhairi, ita ma tana da nata laifin a wurinsa: ya roƙe ta ta daina kiransa Audu, ta ce to, ta ci gaba.

Abin takaicin shi ne mutanen da yake rainawa sun daɗe da sanin kala tana magana, kuma tasu maganar ta fi tasa nauyi. Shekarun baya, yana can makaranta, wasu shanun ruga suka ci ciyawar da aka yi wa feshi suka zube, har aka kusa zare sanduna. Daga nan manoma da Fulanin da ke zaune bayan gari suka zauna gaban mai unguwa suka yanke shawara. Duk wanda ya sa guba a gonarsa, ta feshi ce ko ta ɓera, zai kafa sanda a bakin burtali ya ɗaura jan ƙyalle, kuma ba dabbar da za ta matso. In ya girbe, ya kwashe gubarsa, yana son shanu su shiga su ci kara su bar masa taki, sai ya kwance ja ya ɗaura fari. Yaron goye ma a garin ya san wannan. Hashimu ya sha faɗa wa ƙanensa a waya, amma da zarar Hashimu ya fara maganar gona sai Abdulrauf ya ajiye wayar a gefe yana goge takalmi, yana jefa "haka ne, Yaya" lokaci-lokaci.

Abu ɗaya ne ya sa ya fara yawan zuwa gida, kuma ba uwa ba ce, ba wa ba ne. Khaulat ce, 'yar Datti, dattijon rugar bayan gari, wadda ke koyarwa a firamaren 'ya'yan makiyaya. Ya haɗu da ita ran da banki ya turo shi wajen mata masu sayar da madara, ita ce ta tsaya tana yi musu bayanin abin da ya kasa bayyanawa. A yi masa adalci a nan: yana sonta, so na gaske, irin wanda ke hana mutum cin abinci. Ita ma ta amince da shi, Allah ne kaɗai ya san abin da ta gani. Wataƙila ta hango wani yaro mai tsoron a raina shi a ƙarƙashin kwat ɗin, ta ji tausayinsa. Takan yi masa dariyar hankicin nasa, ta ce da ta san mai son tsumma ne da ta tara masa na gidansu.

Sai ta yi abin da 'yan mata suka saba yi. Ta sami farin yadi mai kauri, ta yanka, ta ɗinke bakinsa da hannu, ta zana fure da koren zare a kusurwa, ta rubuta sunansa a ƙasan furen, ta turara shi. Da ta miƙa masa ta ce Baffa, wato mahaifin nata, ya yarda ya zo ya gaishe shi ranar Asabar bayan la'asar, in ya ga hankalinsa sai manya su shigo maganar. Datti ba mai saurin ba da 'ya ba ne, ya riga ya mayar da mutum biyu, kuma ba ya ganin mutum sau biyu kafin ya yanke hukunci.

Ta ce, "Ran nan wannan za ka sa a aljihun. Ina so in leƙo in gan shi."

Ya ce to, irin "to" ɗin Inna. A ransa kuwa tuni ya gama tsara shigarsa: kwat shuɗi mai duhu, nektayi mai ɗigon ja, da wani hankici ruwan zoɓo da mai kanti a Sabon Gari ya rantse masa silikin Italiya ne. Shi kaɗai ya ɗauko daga kwalin, don mai tsari ba ya yawo da shakka. Na Khaulat ya tura shi aljihun wando, ko da za ta tambaya.

Ya iso ranar Juma'a da yamma. Asabar da sassafe ya fito da silikin ya rataya a igiyar shanya don ya sha iska, ya shiga wanka. Lokacin alkama ta bar gona, zafi ya fara sauka tun da safe, Inna na tsakar gida tana dama koko. Tukunya ta tafaso za ta zube, ta waiga neman tsumma, ta ga wani a igiya ba ya aikin komai, ta fizgo ta kama kunnen tukunya. Silikin Italiya ya yi ƙauri, ya nannaɗe, ya manne a jikin ƙarfe. Da Abdulrauf ya fito da bokiti a hannu, ya tarar tana kankare shi da wuƙa.

Ta ce, "Audu, wannan tsumman naka ba shi da kirki. Ko tukunya bai iya saukewa ba."

Raliya, matar Hashimu, wadda ba ta taɓa barin ƙanen mijinta ya wuce ba ta taɓa shi ba, ta ɗaga abin da ya saura da tsinke ta ce ashe Italiya ma leda suke saƙawa. Ya so ya yi faɗa, amma uwa ce. Ya shige ɗaki ya rufo ƙofa, zuciyarsa na tafasa fiye da kokon.

To ga mafita a aljihun wandonsa, kowane mai hankali ya gan ta. Ya fito da hankicin Khaulat, ya ninke, ya sa a aljihun kwat ɗin da ke rataye, ya ja da baya ya duba. Yadin ya yi kauri, ya tokare aljihun. Koren furen ya leƙo yana faɗa da ɗigon nektayi. Ya sake ninki ya ɓoye furen, sai ɗinkin hannu ya fito, ba a miƙe sosai ba. Ya ji kamar duk Turawan nan na waya sun taru a ɗakin suna kallonsa. Ya zare shi ya mayar aljihun wando, ya ce a ransa abin yarinya ne, ba ta sani ba, zai koya mata bayan biki.

Ya fita ya bi bakin kanal don ya huce, yana tsallake kashin shanu da fuska a yamutse. Hashimu tun asuba ya tafi kai tumatir kasuwa, ya ce zai dawo ya raka shi ruga. Abdulrauf na tafe yana lissafin ko ya hau mota ya koma Kano ya ɗauko kwalin, ya ga ba zai dawo a kan lokaci ba. Yana cikin haka ya iso gonarsu, wadda rabonsa da ita har ya manta. An yanke alkama, saura guntun kara. A gefe ga fangalin irin shinkafa kore shar, a kan kunyoyin kuma an jera wasu fasassun kwanoni da dusa a ciki. Bai tambayi kansa me dusa ke yi a gona ba. Idonsa na kan sandar da ke bakin burtali.

A kanta wani ƙyalle ne ke kaɗawa, ja mai duhu, mai sheƙi, da ƙananan ɗigo ruwan zinariya. Gefen wani tsohon mayafin Raliya ne da ƙusa ta yaga, ta yanko wa mijinta da ya ce tsohon jansa ya koɗe, shi kuwa ya zuba wa gafiyoyin da ke huda masa kunya dusa mai guba. Abdulrauf bai san ko ɗaya daga wannan ba. Abin da ya sani shi ne jan nan ya amsa wa ɗigon nektayinsa ba tare da ya kwaikwaye shi ba, daidai yadda doka ta ce. Ya taɓa, ya ji laushi. Ya yi tsaki, ya ce dubi yadi mai kyau an ba tsuntsaye, mutanen nan ko zinariya ka ba su sai su ɗaure akuya da ita.

Don a tunaninsa abin korar tsuntsu ne. Kuma shi ba ɓarawo ba ne, ba zai bar irin shinkafar wansa ba mai gadi ba. Ya waiga gabas ya waiga yamma, ya kwance jan, ya zaro hankicin Khaulat ya ɗaura a madadinsa, ƙulli biyu don kada iska ta ɗauke. Ƙyalle dai ƙyalle ne, fari ma ya fi ɗaukar ido, tsuntsu kuma ba karatu yake ba balle ya ga suna. Gobe kafin ya koma Kano zai zo ya kwance abinsa. In ta tambaya yau, sai ya ce ya fi ƙarfin a sa shi a ƙura, adana shi ya yi. Har ya ji daɗin wannan amsar, ya maimaita ta a hanya.

Ya wanke ƙyallen a kanal, ya dunƙule shi a hannu ya shiga gida ta bayan Raliya kamar wanda ya sato nama. Kunya yake ji kada a san daga sanda adonsa ya fito, kuma wannan kunyar ce ta hana Raliya, wadda za ta gane yadin nan take, ta gan shi da wuri. Ya aro dutsen guga na gawayi, ya kulle ɗaki. Ya daidaita bakin da almakashi, ya goge, ya gwada tozo, bai yi ba, zaren gefe na fitowa. Ya gwada ninki a shafe, ya ga ya yi kama da mai neman aiki. A ƙarshe ya tsaya a kan tsini uku, ya tura yagaggen gefen can ƙasan aljihu inda ba mai gani. Ya fesa turare. Ya toshe kunnuwansa da abin jin waƙa, ya yi ta ɗaukar kansa hoto ta dama da ta hagu.

Bayan azahar ya ji ana buga ƙofa. Ya cire na kunne ɗaya, ya ji muryar Raliya tana cewa wani abu game da Hashimu da ruga da shanu, ita da Inna sun tafi. Ya ce ya ji, ya mayar da abin a kunnensa. Abin da ya fahimta shi ne wansa ya wuce bai jira shi ba, ya kuma ja mata sun bi shi, wato za su je su cika wa mutane gida da warin hayaƙi kafin shi ya iso. Ya girgiza kai, ya ce ƙauyanci ba ya jin magani.

Da aka yi la'asar ya fito tsaf, takalmi na walƙiya. Garin ya yi shiru fiye da yadda ya saba, bai lura ba. A bakin titi ya tsayar da Badamasi ɗan acaɓa, wanda dawowarsa ke nan daga Bunkure, ya shimfiɗa takarda a kan sirdi kafin ya zauna. Badamasi ya waigo zai gaishe shi, idonsa ya tsaya a ƙirjinsa, ya ce shi kam kamar ya san wannan yadin. Abdulrauf ya yi murmushin manya ya ce ba mamaki ya gani a talabijin. Daga nan ya buɗe masa karatu, tun daga tsini uku har zuwa dalilin da ya sa ba a fyace hanci da shi, Badamasi na tuƙi yana cewa ikon Allah.

Da suka zo wucewa ta gonar, ya ga sandar tsirara, ba fari ba ja. Ƙasa duk sawun kofato, kwanonin nan a kife. Ransa ya ɓaci, ya ce wa Badamasi ka ga halin mutanenku, ɗan hankici ma ba za a bari ya yini a waje ba. Badamasi ya waiwaya. Ya rage gudu, ya dubi sandar, ya dubi kwanonin, ya sake duban ƙirjin fasinjansa ta madubi, sai ya ƙara wuta har suka isa.

Tun daga nesa suka hango taro, kuma ba irin taron tarbar baƙo ba ne. A bayan bukkoki da ɗakunan kwano na rugar, wajen turakun shanu, mutanen gari da na ruga sun yi cirko-cirko. Wasu samari na haƙa rami mai faɗi. Shanu uku na kwance sun miƙe ƙafafu, ciki a kumbure, kumfa ta bushe a bakinsu. An yanka biyu daga cikinsu kafin rai ya fita, amma malamin dabbobi da aka ɗauko daga Kura ya ce ko kare kada a ba naman. Wasu shanun na tsaye suna rawar jiki, mata na ɗura musu manja da garin gawayi. Can gefe wata saniya mai tsohon ciki na kwance tana nishi, Khaulat na durƙushe a kanta, ta riƙe mata kai a cinya, hijabinta duk manja da laka. Saniyarta ce, jikar wadda aka ba ta ranar suna, wadda da ita za ta tafi ɗakin miji.

Datti na zaune a kan buzu, dogon tsoho siriri, sandarsa a kwance a gabansa. Ɗansa Ɗanbaba, wan Khaulat, wanda ya kai shanun kiwo, yana tsaye yana maimaita wa mai unguwa abin da ya riga ya faɗa: kwana da kwanaki yana ganin ja a gonar Hashimu yana kauce mata, yau da hantsi ya ga fari, ya yi wa Hashimu addu'a ya kora su ciki. Hashimu kuma na durƙushe, hula a hannu, murya ta dushe. Ya rantse bai kwance ja ba. Da aka nuna masa farin, ya ga sunan da ke jiki, sai ya koma rantsuwa a kan ƙanensa: yaron nan bai san hanyar gonar ba ma, yana ɗaki tun safe, tabbas yar da shi ya yi wani ɗan iska ya tsinta ya yi wannan aika-aika. Inna na bayansa tana cewa haka ne, Audu ko ƙofa bai fita ba.

Ana cikin wannan Abdulrauf ya sauko daga babur, ya gyara kwat, ya taɓa tsinin nan uku da yatsa don ya tabbata suna tsaye. Ya ga kowa ya juyo yana kallon ƙirjinsa. Kunya ce a faɗa, amma sai da ya ji daɗi na ɗan lokaci. Raliya ce ta fara yin motsi, ta ɗora hannu a ka ta juya baya. Hashimu ya bar rantsuwar a tsakiya, bakinsa a buɗe. Inna ta zauna a ƙasa.

Sai a lokacin idonsa ya sauka a hannun Datti, ya ga farin yadi da koren fure. Ya dubi shanun, ya tuna kwanonin dusa, ya tuna wata magana da Hashimu ya taɓa yi a waya yana goge takalmi. Abin ya haɗu a kansa gaba ɗaya. Ya tsuguna, wandon kwat ya ɗame shi, gwiwarsa ta nutse a ɗanyen kashin shanu.

Ya ce, "Baffa, barka da yamma."

Datti ya amsa gaisuwar cikakkiya, ya tambayi hanya, ya tambayi aiki, bai rage komai ba. Sannan ya ce, "Kai ne Abdulrauf."

"Ni ne, Baffa."

"Kai ka ɗaura wannan?"

Ya fara bayani. Ya ce ya ɗauka na tsuntsaye ne. Ya ce nasa ne ya ƙone da safe, ga shi kuma zai zo gaban manya, bai kamata ya zo aljihu ba komai ba. Ya ji abin da bakinsa ke faɗa, ya ga yadda yake sauka a fuskokin mutane, amma ya kasa tsayawa, har sai da ya kai ga cewa farin bai shiga da nektayin ba ne. Wani daga cikin masu haƙa rami ya tofar da yawu. Ɗanbaba ya yunƙuro, mahaifinsa ya ɗaga masa yatsa ɗaya, ya koma.

Datti ya ce maganar shanu ba da shi za a yi ba, tsakaninsa ne da Hashimu da mai unguwa, su da suka san abin da saniya take. Ya ce Hashimu maƙwabci ne, ya kafa jansa yadda aka yi alkawari, ba shi da laifi sai na ɗan'uwa. Ya shiga juya hankicin a hannu, yana shafa zaren da babban yatsa.

Sannan ya ce, "Yarinyar nan ta gaya mini kai masanin kala ne, ka ce magana take yi. Gaskiyarka. Ja a wurinmu cewa yake akwai guba a nan, kada a matso. Ka sa shi a ƙirjinka ka zo da kanka. Mun gani, mun gode."

Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi sauƙi. Datti ya kira 'yarsa. Ta zare cinyarta a hankali daga ƙarƙashin kan saniyar, ta zo ta durƙusa nesa kaɗan, idonta a ƙasa. Ya miƙa mata farin hankicin ya ce ta karɓi kayanta, ya dawo gida. Abdulrauf ya jira ta dube shi, ko da kallon tsana ne, don ya sami abin da zai riƙe ya ba da haƙuri a kai. Ba ta dube shi ba. Ta karɓa da hannu biyu, ta koma wajen saniyarta, ta shiga goge mata kumfar baki da shi, ta ninka ta sake gogewa, har koren furen da sunan suka ɓace a cikin manja.

Hashimu ya tashi ya sa hularsa. Ya zo gaban ƙanensa ya tsaya, Abdulrauf ya runtse ido yana jiran mari, ya ma fi son marin. Hashimu ya sa yatsu biyu ya zare ƙyallen daga aljihun, ya yarfa shi sau ɗaya, tsini ukun suka warware, yagaggen gefen ya fito fili. Ya ce wa mai unguwa akwai sauran dusa a kunyoyin, ga garken mutanen Madobi na bin burtalin nan da yamma, bari ya je ya mayar kafin a sake wata asarar. Ya hau bayan Badamasi suka tafi.

Mutane suka koma kan aikinsu. Aka ja saniya ta farko zuwa rami. Raliya ta kama Inna ta tashe ta. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya ce ya matsa, kewaye shi kawai ake yi kamar turke. Ya daɗe a tsugune kafin ya gane ba sauran abin da ake jira daga gare shi, ya miƙe ya kama hanyar gari a ƙafa, ta bakin kanal, rana na dukan bayan kwat ɗin.

Gumi ya keto masa daga goshi ya shiga ido, ya haɗu da abin da ke fitowa daga idon. Hannunsa ya tafi aljihun ƙirji da kansa, ya tarar ba komai. Ya laluba na wando, nan ma ba komai. Ya tsaya a tsakiyar hanya, ya ɗaga hannun kwat ɗin ya share fuskarsa da shi.